Tarihin Taya Ta Biyar: Yadda Safaya Ta Ƙanƙance a Motocin Gudu

A Jamus da Ingila da Amurka akwai mutanen da babbar sha'awarsu ita ce riƙon tsofaffin motocin gudu. Su ne motocin nan gajeru masu kwanciya da ƙasa, galibi masu kujera biyu, irin su Porsche 911 da Jaguar E-Type da Ferrari Dino da Datsun 280Z, waɗanda yau wata ta ba shekara 40 baya, wata ta haura 60. Mutum zai saya, ya gyara inji, ya sake fenti, ya ɗinke kujeru, sai ranar da ya ɗaga murfin but ya tarar ramin safaya fanko ne, ko kuma tayar tana nan amma ta bushe ta tsattsage. Daga ranar cigiya ta fara ke nan. Cikakkiyar taya ba ta shiga ramin, ƙaramar da aka yi wa motar samunta sai an tona, ta wata mota kuwa sau da yawa ba ta hawa. Wannan wahala tana da asali, asalin kuma ya kai shekara 120.

Zamanin ƙusar kofato

A shekarar 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ɗan Scotland da ke zaune a Belfast, ya haɗa wa keken ɗansa tayar roba mai iska. Bayan shekara bakwai, a 1895, 'yan'uwa biyu na gidan Michelin, André da Édouard, suka sa irin wannan taya a mota, suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200. Sun sha faci ba adadi, sun iso can baya, amma sun nuna cewa mota za ta iya tafiya a kan iska.

Hanyoyin wancan lokaci na dawaki ne. Ƙusoshin da ke zubewa daga takalman kofato sun cika su, ga tsakuwa mai kaifi, ga roba ba ta da ƙwari. Motocin farko ba sa zuwa da safaya, wilinsu ma ba a yi shi don a riƙa cirewa a hanya ba. In taya ta yi faci, direba zai ɗaga motar, ya ɓamɓare tayar daga jikin wili da ƙarafa, ya zaro tub, ya nemo huda, ya liƙe, ya mayar, sannan ya hau bugun famfon hannu har gumi ya jiƙa shi. A doguwar tafiya yana iya maimaita wannan aiki fiye da sau ɗaya kafin rana ta faɗi.

Sauƙi ya fara zuwa ne daga wani shagon kayan ƙarfe da ke Titin Stepney a garin Llanelli na yankin Wales. A 1904 masu shagon, Thomas da Walter Davies, suka ƙirƙiro wani zoben ƙarfe mai ɗauke da taya cike da iska, wanda ake maƙala shi a gefen wilin da ya yi faci, a ɗaure da ƙugiyoyi, a ci gaba da tafiya. Abin ya karɓu sosai, har yau a Indiya da Pakistan da Bangladesh da Malta sunan titin nan ake kiran safaya da shi. Ya kamata a lura cewa wannan safaya ta farko ta wucin gadi ce: aikinta ta kai mutum inda za a yi gyara.

Ba a jima ba aka samu wilin da ake cirewa gaba ɗaya. Kamfanin Rudge-Whitworth na Coventry ya fito da wili mai wayoyi irin na keke, wanda babban noti guda ɗaya ke riƙe shi a tsakiya, a kwance shi da bugun guduma. Masu tsere suka rungume shi don saurin canji, daga baya ya zama ado da alamar motocin gudu na Ingila da Italiya. A Amurka kuma, a 1909, motar Rambler ta fara zuwa da cikakken wili na biyar da tayarsa. Daga nan safaya ta zama kayan mota.

Daga waje zuwa ciki

A shekarun 1920 da 1930 a fili ake ɗaure safaya, ko a bayan mota ko a gefen inji kusa da matakala. Manyan motoci biyu suke ɗauka, dama da hagu. Da masu ƙira suka koma yin jiki mai santsi da ke yanka iska, sai aka shigar da ita cikin but, ta fara cin wurin kaya. Ford Thunderbird ta nuna yadda lamarin ya dami mutane. Ta 1955 safayarta na cikin but, masu saye suka koka da rashin wuri. Ta 1956 aka fitar da ita aka rataya a baya. Ta 1957 aka ƙara wa motar tsawo aka mayar da ita ciki. Kafin wannan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarancin roba ya sa gwamnatin Amurka ta taɓa hana sayar da sabbin motoci da taya ta biyar.

Bayan yaƙin, tayar kanta ta samu inganci. Michelin ya yi rajistar ƙirar da ake kira radiyal a 1946, mai ɗamarar waya a ƙarƙashin tafin taya. B.F. Goodrich na birnin Akron a Amurka ya sanar da taya marar tub a 1947, zuwa tsakiyar shekarun 1950 ta zama ruwan dare a sabbin motocin ƙasar. Irin wannan taya in ƙusa ta shige ta, sau da yawa a hankali iska ke fita. Dawaki sun bar hanya, kwalta ta yawaita, faci ya ragu ƙwarai. Sai injiniyoyi suka fara yi wa safaya kallon nauyin da ake dakon sa shekara da shekaru ba a taɓa shi ba.

Babu inda wannan ya fi ciwo kamar a motar gudu, inda ake lissafin kowane kilo da kowane taƙi na wuri. Kowane kamfani da dabararsa ta ɓoye ta. Healey Silverstone ta 1949 ta kwantar da safaya a wata kafa a bayanta, gefen tayar ya leƙo waje yana aikin bamba. Austin-Healey Sprite ta 1958 ba ta da murfin but sam, sai an kwantar da kujeru an zura hannu can ciki a jawo tayar. Jaguar E-Type ta 1961 ta binne tata a ƙarƙashin daɓen but. Motocin da injinsu ke tsakiya, kamar Ferrari Dino, suka tura ta hanci. Hatta motocin tseren Le Mans ba su tsira ba, domin dokar gasar ta wancan zamani ta tilasta wa ajinsu ɗaukar safaya. Shi ya sa Ford GT40 take da ita a gaba, Porsche 917 kuma a baya.

Tayar da ake naɗewa

A 1967 B.F. Goodrich ya kawo mafita. Ya yi wata taya da ake ajiye ta babu iska, gefunanta a naɗe zuwa ciki kamar zugazugin maƙeri, tafinta ya manne a jikin wili, ta yadda girmanta bai fi na wilin da yawa ba. Tana zuwa da gwangwanin gas. In buƙata ta taso, a ɗaura ta a mota, a haɗa gwangwanin da bakin iska, sai ta buɗe ta kai kusan tsayin sauran tayoyin. In an sace iskar, ta koma ta naɗe. Pontiac Firebird ta 1967 da ita ta fito, AMC AMX ta 1968 ta bi sahu, sannan wasu nau'o'in Camaro da Mustang. Datsun ma ta ɗauka a 280Z ta 1977, ta yi amfani da wurin da ya ragu ta ƙara girman tankin mai.

Gwangwanin yana da nasa cikas. Sau ɗaya ake amfani da shi, kuma na farko-farkon gas ɗin Freon ne a ciki, irin na tsofaffin firji, dangin sinadaran da Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsu ga sararin samaniya. Wanda ya tsinci irin wannan gwangwani a motarsa yau, abin tarihi ya tsinta, ba abin da zai dogara da shi a hanya ba.

Hancin Porsche 911

Ɗaya daga cikin motocin da suka fi daɗewa tare da wannan taya ita ce Porsche 911. An fara nuna ta a bajekolin Frankfurt a 1963 da lamba 901, kamfanin Peugeot ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce a Faransa, sai aka mayar da ita 911 da aka fara sayarwa a 1964. Injinta a can baya yake, don haka hancinta ne ya haɗa tankin mai da batir da wurin kaya da safaya. A shekarun farko cikakkiyar taya ce a kwance a wurin, tankin kuma lita 62 yake ci.

Abu biyu suka sauya lissafin. Na farko faɗin taya. Carrera RS 2.7, wadda ta fito a ƙarshen 1972, ta zo da wilin gaba mai faɗin inci 6 da na baya mai inci 7, domin nauyin motar da ƙarfinta a baya suke. Turbo ta 1975 ta ƙara faɗi, waɗanda suka biyo ta suka ƙara a kan haka. Tunda gaba da baya sun bambanta, babu wata cikakkiyar safaya guda da za ta zama daidai da duka huɗun, kuma ta baya ba ta ma shiga hancin. Na biyu shi ne sabon jikin 1974, wanda aka yi masa manyan bamba saboda dokar Amurka da ta ce bamba ya jure karo a gudun mil 5 a awa ba tare da ɓarna ba. A wannan ƙira aka faɗaɗa tankin ya koma lita 80, naɗaɗɗiyar safaya ta zauna a ɗan ramin da aka bar mata a jikinsa.

Da farko ta B.F. Goodrich aka sa, daga baya kamfanin Vredestein na garin Enschede a ƙasar Holan ya karɓi aikin da tayarsa mai suna Space Master, lamba 165-15. Porsche ta haɗa da ɗan injin busa iska mai aiki da wutar mota. Ƙa'idar ita ce a ɗaura tayar tukuna, a cika ta da iska tana sama, sannan a sauke jak, domin in nauyin mota ya danne ta tana naɗe, ta lalace. An kuma riƙa sa babbar leda a cikin kayan aikin motar, saboda wilin da aka cire ba shi da wurin zama sai cikin mota, a kan kujera. Haka aka ci gaba a 928 da 944, da nau'o'in 911 da ake kira 964 da 993, inda daga baya wilin safayar ya koma inci 16 don ya ba manyan birki wuri.

Amma fa wannan duk lissafin kwalta ne. Da Porsche ta shiga gasar Paris zuwa Dakar a 1984 da 911 mai jan ƙafa huɗu, wadda René Metge ya ci gasar da ita, hanyar ta ratsa Aljeriya da Nijar, ta bi ta Tenere da Agadas. A irin wannan tafiya cikakkun tayoyi masu ƙwari ake ɗauka. Girman safaya a kowane zamani yana bin yadda mutane suka yarda da hanyarsu da kusancin mai gyara.

Siririya mai awo 60

Rikicin man fetur na 1973 ya girgiza Amurka, a 1975 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Rage nauyi ya zama dole. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai ga wata sabuwar safaya, siririya, gajeriya, wadda ake ajiyewa da iskarta. Lambarta da harafin T take farawa, kamar T125/70D15, alamar ta wucin gadi ce. Tunda ƙarama ce, iskarta ake ƙarawa don ta ɗauki nauyin mota: awo 60 a gejin mai faci, kusan ninki biyu na taya ta yau da kullum. Ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, ba a kuma yin nisa. Ta fi naɗaɗɗiyar arha, ba ta buƙatar gwangwani ko injin iska, don haka ta mamaye duniya. Mazda MX-5 ta 1989 da ita ta zo a but.

Ita ce wadda muke gani a motocin gwanjo da ke shigowa Najeriya da Nijar, da 'yar takardar gargaɗi mai lamba 80 manne a wilinta. Gargaɗin na gaske ne. Tafinta siriri ne, ba ta riƙe hanya kamar sauran, birki yana ƙara nisa kafin ya tsayar da mota, kuma ba a yi ta don lodi da zafin kwalta na awa da awanni ba.

Daga ƙanƙancewa sai ɓacewa. Kamfanin Dunlop ya gwada tayar da ke iya tafiya babu iska tun a shekarun 1970 da sunan Denovo. Chevrolet Corvette ta 1997 ta fito da irin waɗannan tayoyi, ba safaya ba jak. Porsche 911 ta 2004, wadda ake kira 997, ta zo da kwalbar ruwan liƙe huda da injin iska kawai. Ruwan yana maganin ƙusa a tafin taya, amma in rami ya yage gefenta ko wili ya lanƙwashe, sai dai a kira motar janwe.

Abin da mai cigiya ya gada

Mai tsohuwar motar gudu ya fi kowa buƙatar safaya, domin lambar tayarsa ta daina zama a shagunan bakin hanya. Michelin da Pirelli suna yin tayoyin tsofaffin motoci, amma sai an yi oda an jira. Wanda faci ya kama a ƙauyen Faransa ranar Lahadi da wilin inci 15 mai faɗi, yana iya kwana a can. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai samun wadda ta dace aiki ne na awo. Abu na farko ramukan noti: yawansu da faɗin da'irar da suka zauna a kai. Na 911 guda 5 ne a kan milimita 130, awon da motoci kaɗan ke amfani da shi. MX-5 ta farko 4 ne a kan 100. Ko a gidan Porsche ba duka suka zo ɗaya ba, domin 914 mai silinda huɗu da 924 ta asali noti huɗu gare su. Na biyu ramin tsakiya, wanda a 911 milimita 71.6 ne; in ya yi ƙanƙanta ba ya shiga, in ya yi girma wili ba ya zama daidai a cibiya. Na uku zurfin wili, wato yadda ya nutsa ciki ko ya fito waje. A nan ne da yawa ke faɗawa, domin wilin 928 ko na 944 ta baya-baya ramukansa sun dace da tsohuwar 911, amma zurfinsa daban ne. Na huɗu birki. Turbo ta 1978 ta zo da manyan birki da aka samo daga ƙirar 917, kuma masu tsofaffin motoci da yawa sun sauya nasu da manya, sai safayar asali ta daina wuce su. Na biyar tsayin tayar bayan ta cika da iska. In ta gaza 'yar'uwarta ta ɗaya gefen da yawa a ƙafafun da ke jan mota, ɗaya za ta riƙa juyawa fiye da ɗaya, abin da ke cin aksil, musamman irin wanda aka yi shi don ya hana ƙafa ɗaya sulɓewa. Saboda haka wasu ke mayar da wilin gaba zuwa baya, su sa safayar a gaba. Ko notin ma sai an duba, domin mazauninsa a wani wili zagayayye ne, a wani kuma mai tsini. Masu wilin waya irin na E-Type kuwa, kamfanoninsu ba su yi musu ƙaramar safaya ba, sai dai su nemi wili irin nasu.

Bayan awo sai shekaru. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobin da ke nuna lokacin da aka yi ta. Tun daga shekarar 2000 guda huɗu ne: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Michelin na ba da shawarar a sauya taya in ta cika shekara 10, har da safaya, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Naɗaɗɗiyar ta fi haɗari, domin a wurin lanƙwasar nan roba ke fara tsagewa, kuma ba a ganin tsagar sai an busa iska. Sauya mata roba ma ba aikin kowane mai faci ba ne. Littafin da Porsche ke haɗawa da motar ya yi gargaɗin cewa kayan aikin gareji na yau da kullum ba sa iya ɗaura ta.

A nan masu waɗannan motoci suka kasu biyu. Akwai masu kai mota gasar nuna asali, inda alƙalai ke duba komai har jak da jakar sifana. Su tayar da ta fito tare da motar suke nema, da tambarinta da injin iskarta, ko da ta bushe. Akwai kuma masu hawa su yi tafiya, waɗanda ke neman sabuwar roba a kan wilin da ya dace, ko daga wace mota ya fito. Kowanne yana da hujja, matsalar tana zuwa ne in mutum ya ɗauki ta ado ya shiga hanya da ita. Tayar da ta shekara 40 a naɗe tana iya fashewa a gudun da bai kai 80 ba, a mota irin 911 da nauyinta ke baya, wadda ba ta yafe wa direba kuskure a kwana.

Don haka shawarar da ta fi ita ce a raba aikin biyu: ta asali a adana ta don tarihi, ta tafiya a saye ta da awo. In an samo ta, a ɗaga mota a gida, a ɗaura ta gaba, a ɗaura ta baya, a juya da hannu a ji ko tana gogar birki, a cika ta da iska a bar ta ta kwana, a gwada injin iskar da jak da sifana, a kuma san inda wilin da aka cire zai zauna in akwai fasinja da kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyoyin da suka rage girman safaya sun yi haka ne bisa sharaɗi uku: roba mai rai, iska daidai, gudu kaɗan. Wanda ya gaji motarsu ya gaji sharuɗɗan nan tare da ita, kuma ransa da na wanda ke zaune a gefensa ne ke kan cika su.